Kafaɗar Manaja

Tun maigidana yana makaranta nake ɗauke da wani tsoro da ban gaya wa kowa ba, ko mahaifiyata. Wasu matan idan mazansu na karatu, faɗuwa jarrabawa suke ji musu tsoro. Ni kuwa cin jarrabawar nake tsoro. Na daɗe da lura cewa a garuruwanmu duk wanda karatunsa ya yi zurfi, sai garin ya yi masa kaɗan. Yau a ce yana Kano, gobe a ce ya wuce Abuja, jibi a ce yana kudu. Matarsa tana ɗaki tana raino, ba ta sa shi a ido sai da salla, ya zo da 'yar tsaraba, kafin yara su daina yi masa ƙyuya ya koma. Na ga irin waɗannan matan a Toranke inda aka haife ni, na zo Balan inda aure ya kawo ni na tarar da su. Ana cewa sun dace. Ni dai in na kalli fuskokinsu sai in ji ba na son irin wannan dacen.

Firamare kawai na yi, sai islamiyya, don haka ban san abin da yake karantawa ba. Na dai san littattafansa masu kauri ne, kuma in ya zo hutu ba ya zuwa gona. Gidansu gidan gandu ne. Baba, wato mahaifinsa, da yayyensa maza suna noma gona ɗaya, suna zuba wa rumbu ɗaya, mu mata muna girki a tukunya ɗaya bisa juyi, Inna mahaifiyarsa ce ke auna hatsi. Shi kaɗai aka cire daga gandu tun yana yaro, aka ce ya yi boko. Yayyensa suka yi noman da zai yi. Shekarar da ya shiga jami'a Baba ya sayar da bijimin huɗa, aka koma aron na maƙwabta. Ba wanda ya yi ƙorafi, amma kowa a gidan ya san akwai guminsa a cikin takardar nan.

Ya gama, ya tafi bautar ƙasa, a wannan shekarar na haifi 'yarmu. Da ya dawo Baba ya tara mutane a ƙofar gida, aka dafa shinkafa, liman ya yi addu'a. Muna ciki muna zuba abinci, amma katangar gidan ba ta da tsawo, muna jin komai. Wani ya tambaye shi abin da ya karanta. Sai ya faɗi sunan da Turanci, sannan ya fassara, ya ce ilimin tafiyar da kasuwanci ne. To akwai wani dattijo a unguwar da ya daɗe yana gadi a wata masana'anta a Kano. Shi ya cafke kalmar tun kafin a kai ga fassarar.

"Ai manaja ke nan," in ji shi. "Ku ba ku sani ba, ni na sani. Ni na sha buɗe wa manaja ƙofa."

Ya shiga ba su labari. Ya ce manaja yana da mota da direba, yana da ɗaki mai sanyi kamar randa, da kujera mai juyawa, ba mai shiga wurinsa sai an yi masa iso. Ya ce hannun manaja ba ya taɓa komai sai biro. Maigidana ya yi ta cewa ba haka abin yake ba, suka yi dariya suka ce ƙanƙan da kai ne irin na masu ilimi. Na leƙa ta saman katanga na ga Baba yana goge ido da hannun rigarsa.

Daga ranar sunansa na yanka ya ɓace a Balan. Yara Manaja, tsofaffi Manaja. Ni ma a gidan biki sai in ji ana cewa a matsa wa matar Manaja. Da farko abin ya yi min daɗi, ba zan ɓoye ba.

Wata rana ina tankaɗe yana zaune a bakin ƙofa da yarinyar a cinyarsa, na ce, "Malam, wai wane aiki ake yi da wannan karatun naka?"

Ya ce duk inda ake saye da sayarwa, ko ake da ma'aikata, ko kaya ke shiga suna fita, akwai wurinsa. Banki, kamfani, shago babba, sito, ofishin gwamnati, ko mutum ya kafa nasa in yana da jari. Amma ya ce ba wanda ke fitowa daga makaranta a miƙa masa kujera. Daga ƙasa ake farawa. Na ce to ya gaya wa Baba mana. Ya ce ya gaya masa, Baba ya ce, "Ƙasa ai mu muka gaji da ita. Don ka bar ƙasa muka tura ka."

Haka ayyukan suka yi ta zuwa suna wucewa. An kira shi intabiyu a wani banki a Kano, ya sa rigarsa mai kyau ya tafi. Ashe aikin yawo ne, a bi kasuwa rumfa rumfa ana roƙon mutane su buɗe asusu, in ba ka kawo mutane da yawa ba a sallame ka. Baba ya so kalmar banki, amma da ya ji batun yawon, kuma wani ya tsoratar da shi da zancen riba, sai ya ce a bar shi. Wata makarantar kuɗi a Gaya ta ce ya zo ya koyar, albashin ko man babur ba zai isa ba, Baba kuma ya ce ba malanta aka tura shi koyo ba. Wani abokinsa ya ce su kafa teburin POS, na cire wa mutane kuɗi, a tashar Gaya. Wannan kam Baba ko gama ji bai yi ba. Ya ce a ce ɗansa yana zaune ƙarƙashin lema a bakin titi, mutanen Balan na wucewa ranar kasuwa suna nuna shi? Wani mai sayar da taki da maganin feshi ya nemi wanda zai kula masa da shago, Baba ya ce wannan yaron shago ne da aka canza wa suna. Abin da Baba ya yarda da shi kawai shi ne aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ya ɗauki maigidana da kansa ya kai shi gidan wani ɗan siyasa, suka zauna a tabarma tun hantsi har azahar, aka ce a dawo. Har yau ana dawowa.

Kar mai karatu ya ɗauka Baba mugu ne. Ban taɓa ganin mutum mai tausayin iyali kamarsa ba. Yana kiran 'yata amaryarsa, yana ɓoye mata ƙuliƙuli a aljihu. Kawai ya riga ya tsaya a gaban jama'a ya karɓi barka, kuma tsoho in ya karɓi barka ba ya iya mayar da ita.

Da damina ta faɗi, wata safiya maigidana ya sa tsohuwar riga ya ɗauki fartanya ya bi yayyensa. Bai wuce zaure ba Baba ya karɓe ta daga hannunsa. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi in mutane suka gan shi a gona, za su ce karatun ƙarya ne, bijimin ya tafi a banza. Maigidana ya dawo ɗaki ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Na ɗauki yarinyar na fita da ita don kar ta dame shi.

Ba wanda ya taɓa yi mana gori a gidan nan. Matan yayyensa mutanen kirki ne. Amma duk sanda Inna ta auno hatsi na ga rabon ɗakinmu, sai in ji kamar aro muke ci. Na koma ina karɓar aikin da ba nawa ba, in yi surfe ranar da ba girkina ba, in wanke wa wata tukunya, ko na rage nauyin. Shi kuwa sai ya riƙa yin wanka da safe ya sa kaya ya tafi Gaya, ya zauna a shagon cajin waya na abokinsa har la'asar, don a ce yana bin takardu. Na ga ya rame. Na ga ya daina tsokanata, shi da ko miya ta yi gishiri sai ya mayar da ita abin dariya.

Sai abin da nake tsoro ya zo ta waya. Wani da suka yi karatu tare yana aiki a wani babban siton kaya a kudu, ya ce ana neman mutum, ya taho. Na tambaye shi wane irin aiki ne. Ya ce lodin kaya da saukewa da ƙirga su, in mutum ya daɗe a ɗaga shi. Na ce ai irin wanda Baba ke hanawa ne. Ya ce haka ne, amma can ba ɗan Balan ko ɗaya. Da ya gaya wa Baba an kira shi wani kamfani a kudu, Baba ya ce alhamdu lillahi, wannan shi ne aiki, ya fara tunanin wace akuya za a sayar a yi kuɗin mota. A nan na gane Baba ba aikin yake ƙi ba, idon mutane yake ƙi. Nisan da zai raba ni da mijina, shi ne zai rufa wa Baba asiri.

A makon aka yi suna a gidanmu a Toranke, na tafi da goyona. Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, da ke sayen amfanin gona. Yana da sito a bakin gari, manoma na kawo riɗi da wake da gyaɗa, yana bin kasuwannin ƙauyuka, in kaya sun taru ya tura Kano. Ban iya tunkararsa ba, sai na gaya wa mahaifiyata ina kuka, ita ta kira shi. Ya saurara yana cin goro, sannan ya ce, "Ni ba ni da ofis, 'yata. Sikeli gare ni da buhu da allura. In zai iya ya zo, ina son mai lissafi a kusa da ni. Amma kowa a wurina da dako yake farawa, ko ɗan cikina ne."

Na dawo na rasa ta inda zan fara. A wurinmu namiji ya yi aiki a ƙarƙashin surukinsa abin kunya ne, balle dako. Na ɗauka zai yi fushi. Da na gama faɗa masa ya daɗe yana kallon yarinyar tana wasa da murfin kwano, sannan ya tambaye ni ko ni ce ba na son ya tafi. Na ce ni ce. Ya ce shi ma ba son tafiyar yake ba.

Ga yadda ya gaya wa Baba. Ya ce ya samu aiki kusa, wurin masu sayen amfanin gona a wajen Ajingi, bai ambaci Toranke ba. Baba ya ce kamfani ne? Ya ce suna da sito, suna tura kaya Kano da mota. Baba ya ce to ai kamfani ke nan. Bai tambayi mai shi ba, maigidana kuma bai faɗa ba. Kafin magariba duk Balan ta ji Manaja ya kama aiki.

Tun daga lokacin kullum da safe nake goge masa riga da wando da dutsen guga na gawayi. Ya sa, ya gai da Baba a zaure, ya hau tsohon babur ɗin gidan ya bi ta Gaya ya kama hanyar Ajingi. A siton Kawu yake cire su ya rataye, ya sa na aiki. Kwanakin farko in ya dawo ko hannu ba ya iya ɗagawa. Kafaɗarsa ta yi ja, ta saɓule, daga baya ta yi kanta. Ina dafa ruwa in ce na wankan yarinya ne, in gasa masa a ɗaki. Amma sai ga shi yana cin tuwo yana neman ƙari. Sai ga shi yana ba ni labari: ya sa an ɗora buhuna kan katako don kar sanyin ƙasa ya taɓa su, ya sa ana fitar da tsohon kaya kafin sabo, ya nuna wa Kawu cewa in aka haɗa lodi da wani ɗan kasuwa a mota ɗaya an rage asara. Ya ce wannan ɗin shi ne abin da ya karanta, kawai dai a littafi ba a ce buhun yana da nauyi ba. Ranar na yi dariya har yarinyar ta tsorata.

Wahalata ita ce kayan aikin. In sun yi datti yakan ƙunso su a leda ya kawo. Ba zan iya shanya su a igiyar tsakar gida ba, don duk macen ƙauye ta san rigar ɗan dako in ta gan ta, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya cinyewa. Sai in wanke su a bayan ɗaki lokacin da mata ke barcin rana, in shanya a kan ƙarfen gado in saki labule. Ɗakin ya riƙa warin danshi. Wata rana ina tsakiyar shanya Inna ta ɗaga labule tana neman rariya. Ta kalli rigar, ta kalli 'ya'yan riɗin da suka zubo daga aljihun wando suka watsu a tabarma. Na durƙusa. Ta sunkuya ta tsinci riɗin ta zuba a baki.

"Na Toranke ne wannan," in ji ta. "Ya fi namu maiƙo." Ta ɗauki rariyarta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, 'yar nan. Ki riƙa buɗe taga."

Ban san ko sauƙi na ji ko ƙarin nauyi ba. Yanzu mu uku ke ɗauke da abin.

Da kaka ta yi, riɗin gandu ya yi kyau. Aka yanke, aka kafa shi ya bushe, aka kakkaɓe, aka cika buhuna aka jera a ɗakin ajiya na cikin gida. Sai Baba ya ce bana ba zai sayar wa 'yan kasuwar Gaya ba, yana da ɗa a kamfani. Zai ɗauki hayar mota ya kai da kansa, ya ga ofishin, ya zauna a kujerar nan mai juyawa ko sau ɗaya kafin ya mutu. Ina wanke-wanke na ji, kwano ya suɓuce min. Maigidana ya yi ta maza ya ce ai ba girman Baba ba ne ya bi kaya, kamfani ne zai aiko a ɗauka har gida. Wannan ya fi yi wa Baba daɗi, don mutane za su gani.

Ranar da za a zo na goge wa maigidana farar rigarsa har tana sheƙi. Wajen hantsi motar Kawu ta tsaya a ƙofar gida, da direba da 'yan dako biyu, abokan aikinsa, waɗanda ya roƙa tun jiya su rufa masa asiri. Ɗayansu babban mutum ne mai furfura a gemu, kuma an ce duk siton ba wanda ya kai shi tsiya. Aka yi sallama, mu mata muka shige ɗaki, na tsaya jikin labule ina kallo. Maƙwabta sun cika zaure, har da tsohon mai gadin nan.

Mai furfurar yana shigowa ya cire hula ya zube gaban maigidana.

"Ranka ya daɗe, Yallaɓai Manaja. A fara, ko sai an sha shayi?"

Maigidana ya ce a fara, yana kallon gefe.

"To Yallaɓai a ɗan matsa, kar numfashin talaka ya taɓa rigar."

Ɗayan ya juya baya kafaɗunsa na rawa don dariya. Suka rataye sikeli, maigidana yana dubawa. Duk buhun da suka ɗauka sai mai furfurar ya tsaya ya yi nishi ya ce wa Baba, "Alhaji, ka haifi ɗa. A kamfaninmu in ya shigo ko ƙuda ba ya tashi. Ni da ka gan ni, ko inuwarsa ba na takawa." Baba yana ta murmushi yana cewa a yi haƙuri da shi, yaro ne. Tsohon mai gadi yana gyaɗa kai yana cewa ai ya gaya musu.

An kusa gamawa, ƙaramin ɗan dakon ya taho da buhu, ƙafarsa ta bugi turmin da wata ta bari a hanya. Ya yi tangaɗi, buhun ya zame yana shirin faɗuwa, kuma riɗi in buhunsa ya fashe a ƙasa sai dai kaji su gode. Maigidana yana kusa. Da a ce da hannu ya tare, da ba komai, kowa zai yi haka. Amma ba da hannu ya tare ba. Juya baya ya yi, ya ɗan durƙusa, ya shigar da kafaɗa ƙarƙashin buhun, ya yi wannan ɗan tsallen da 'yan dako ke yi don kaya su zauna daidai. Sannan ya wuce ta zaure da ɗan saurin nan nasu, gajerun taku, kai a karkace, ya kai mota ya sauke. Jikinsa ne ya yi, shi bai sani ba. Sai da ya juyo yana kakkaɓe hannu ya ga mutane sun zuba masa ido.

Mai furfurar ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa. Ya ce kun gani ko, manajan zamani ke nan, har wannan ana koya musu a jami'a. Wasu suka yi dariya, maganar ta wuce a wurinsu. Amma ni Baba nake kallo. Mutumin da ya yi shekarunsa duka yana ɗaukar kaya ya san bambancin kafaɗar da ta taɓa buhu yau da wadda ta saba. Kuma ya san ɗansa bai taɓa ɗaukar ko dami ba a gidansa. Ya daɗe yana kallon tabon da buhun ya bari a farar rigar. Sannan ya ce a hankali, "Je ka canza riga."

Na wuni ina jiran a kira shi. Ba a kira shi ba. Washegari ma haka. Ya sa gogaggun kayansa ya fita, ya gai da Baba a zaure, Baba ya amsa kamar kullum ya ce Allah ya tsare hanya. Bayan la'asar ina tsefe wa yarinyar kai a ƙofar ɗaki, sai ga Baba ya shigo cikin gida, abin da ba ya yi sai da dalili. Na durƙusa na gaishe shi. Bai kalle ni ba. Ya kira amaryarsa, ta tafi da gudu tana zaton ƙuliƙuli ne. Ya sa mata wani ɗan gwangwani a hannu ya ce, "Ki ajiye wa babanki." Ya juya ya fita. Na karɓa na duba, man zafi ne, irin wanda shi Baba ke shafawa in ya dawo daga huɗa.

Da maigidana ya dawo na miƙa masa. Ya zauna bakin gado yana juya gwangwanin a hannu. Na ce ai shi ke nan, tunda ya sani, sai a huta. Ya girgiza kai. Ya ce ban san Baba ba. Ya ce abin da Baba ya sani a cikinsa daban, abin da aka faɗa masa a gaban mutane daban. Muddin ba wanda ya furta, zai iya ci gaba da rashin sani. Amma ranar da wani ya tsaya a majalisa ya ce ya ga ɗansa yana dako a siton surukinsa, dole Baba ya ce a bari, shi kuma ba zai tsallake maganar mahaifinsa ba. In aka kai nan, ba abin da ya rage sai kudu.

A haka muke har yanzu. Baba bai ƙara zancen zuwa ganin ofis ba, amma a waje ya fi da ɗaga murya in zai ce Manaja. Kawu ya fara barin maigidana a kan sikeli da cinikin manoma, dakon ya ragu, sai dai bai ƙare ba, kuma ko ya ƙare siton dai na Kawu ne, babu ɗaki mai sanyi. Mutane sun fara zuwa da 'ya'yansu a sama musu aiki a kamfani. Tsohon mai gadin ya ce ko gadi ne a ba shi, ya san aikin. Maigidana yana ta cewa a dakata tukuna. Mata na tambayata yaushe za a ba mu mota, in yi murmushi in ce sai yadda Allah ya yi. Na daina zuwa biki in na san za a haɗu da 'yan Toranke da 'yan Balan a tabarma ɗaya. In baƙo ya yi sallama a zaure sai na kasa kunne na ji daga ina yake. Abokin nan na kudu kuma bai daina kira ba. In wayar ta yi ƙara sai in tsaya da abin da nake yi har sai na ji da wa ake magana.

Wani lokaci ina tunanin sauran da suka yi irin karatunsa, ko su ma haka suke. A shagon cajin nan na Gaya, ya ce min, akwai da yawa da ke zama da wankakkun kaya suna jiran la'asar. Ban san amsar wannan ba. Abin da na sani shi ne yanzu da yamma yarinyar tana jin ƙarar babur ta ruga zaure, ya ɗaga ta sama da kafaɗar da ba ta ciwo.

Ban ambaci sunan kowa ba, amma garuruwanmu ƙanana ne, wataƙila wani ya gane mu. In kai ne, ko ke ce, roƙona ɗaya. In hanya ta bi da kai ta Toranke ka ga mutumin nan a bakin sito, ka gaishe shi ka wuce. In ka zo Balan ka tarar da tsoho a majalisa yana zancen ɗansa, ka ce Allah ya ƙara ɗaukaka. Don Allah kar ka ce ka gan shi.